Ƙabilanci Ya Hau Teburin Ma'aikata, Ya Zama Wajibi Mu Farka

Wata cuta ta shigo mana, kuma yaɗuwa take yi. Ta shiga ɗakin kati na asibiti. Ta shiga sakatariyar ƙaramar hukuma. Ta zauna a wurin rabon tallafi. Ta hau teburin da ake rubuta sunayen marayu da zawarawa da 'yan gudun hijira. Sunanta ƙabilanci.

Kowa ya san kalmominta. "Kai ɗan ina ne?" "Ina takardar indijin ɗinka?" "Ku koma gefe sai mun gama da 'yan gida." "Wannan rabon ba naku ba ne." "Je ki zo da mai jin Hausa." Kullum ana faɗarsu, a gaban jama'a, ba kunya ba tsoro. Masu faɗar kuwa su ne waɗanda aka ɗauka aiki don su share hawayen mai rauni.

Ya zama wajibi mu kira abin da sunansa. Zalunci ne. Cin amanar aiki ne. Kuma wanda ya gani ya kawar da kai, da shi aka yi.

Mai kuɗi ba ya bin layin tallafi. Mai hanya ba ya kwana a barandar asibitin gwamnati. Wanda ke zuwa waɗannan wurare talaka ne da ya rasa yadda zai yi: mace mai naƙuda, tsoho da ciwon suga ya cinye, yaron da aka kashe ubansa, magidancin da aka ƙone wa gari. Idan aka kore shi daga nan saboda harshensa ko sunan kakansa, ina zai nufa? Babu. An rufe masa ƙofar ƙarshe.

Doka ba ta ɓoye matsayinta ba. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya haramta a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa, ko yanayin haihuwarsa. Sashe na 15 ma ya hana nuna bambanci. To amma kundin nan dai shi ne ya ce a naɗa minista ɗan asalin kowace jiha, ya kuma kawo tsarin raba muƙamai tsakanin jihohi, ba tare da ya fayyace sarai wane ne ɗan asali ba. Ta wannan kafa ɓarna ta shigo.

Yau takarda guda ce ke riƙe da maƙogwaron talaka, wato shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Da ita ake neman gurbin karatu. Da ita ake rage kuɗin makaranta. Da ita ake samun tallafin karatu, da aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda. Ciyaman da mutanensa ne ke da ikon bayarwa ko hanawa. Babu ma'auni ɗaya da ƙasa duka ke bi. Sai ka ga mutum an haife shi a gari, an haifi ubansa a garin, kabarin kakansa na nan a maƙabartar garin, amma a ce masa baƙo ne, ya koma inda ya fito. Ya je can ɗin a ce ba a san shi ba. Yana biyan haraji kamar kowa, amma ranar rabo ba shi da suna.

Tun a 2006 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan wariya, ta kawo misalai daga Filato da Kaduna da Kano da Delta. A 2011 gwamnatin jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, alhali da yawansu Ibo ne 'yan'uwansu daga jihohin maƙwabta. Ku duba inda abin ya kai. Wuƙar da aka wasa don baƙo, ga ta a wuyan ɗan ɗaki.

Duk mai ganin wannan ƙaramin al'amari ne, ya tuna Jos.

A 1991 aka ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, aka shiga jayayya a kan wane ne mai gari. Birom da Anaguta da Afizere suna ganin za a ƙwace musu ƙasar kakanninsu. Hausawa da Fulanin da iyayensu suka zo tun zamanin haƙar kuza suna ganin ba su da wani gida sai nan. Kowane ɓangare na da tsoronsa, kuma babu wanda ya tsaya ya kwantar da tsoron da adalci. A Afrilun 1994 aka yi rikici a kan naɗin shugaban riƙo. Sannan aka zo 2001.

Ku lura da abin da ya hura wutar 2001. Naɗin wani Bahaushe ne a matsayin jami'in shirin yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya a Jos ta Arewa. Kujerar rabon tallafi! Me ya sa mutane za su yi ta hargowa a kan irin wannan kujera? Saboda kowa ya riga ya sakankance cewa duk wanda ya riƙe littafin rabo, nasa kawai zai rubuta. Ranar Juma'a, 7 ga Satumba, 2001, gari ya kama da wuta. Cikin ƙasa da mako guda aka kashe mutum kusan 1,000, Musulmi da Kirista.

Ba a tsaya nan ba. A 2004 aka yi Yelwan Shendam, aka kashe Kiristoci a watan Fabrairu, aka kashe ɗaruruwan Musulmi a watan Mayu. Kano ta ɗauki fansa a kan mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba. Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato. A Nuwamban 2008 Jos ta sake ƙonewa. A 2010 aka yi kisan Kuru Karama, aka yi na Dogo Nahawa. Garin da aka san shi da zaman lafiya ya rabu unguwa-unguwa, har ta kai mara lafiya na tunanin wace unguwa asibiti yake kafin ya yi tunanin ciwonsa.

Kafin a zare adda, alƙalami ne ya fara yanka. Ya zama wajibi mu riƙe wannan. A Ruwanda, Turawan Beljiyam ne suka sa ƙabilar mutum a katin shaidarsa tun shekarun 1930. A 1994 da wannan kati aka riƙa tare mutane a shingen hanya ana ware na kashewa. Rai kusan 800,000 ya salwanta cikin kwana 100.

Mu Hausawa mun san ɗacin abin nan, ba labari aka ba mu ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice daga Gana, mutanen zango da yawa suka baro gidajen da aka haife su a ciki. A Sudan akwai Hausawa da Fulanin da kakanninsu suka zauna kan hanyar aikin hajji, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Sama da shekara 100 ke nan. Amma a Yulin 2022, da Hausawan jihar Bulu Nayil suka nemi a ba su masarauta tasu, sai aka ce su ba masu ƙasa ba ne. Aka kashe sama da mutum 100. A Oktoba aka sake kashe kusan 200 a yankin Wad al-Mahi. Dubbai suka bar gidajensu. A Fabrairun 2021 an ƙone dukiyar mutanenmu a kasuwar Sasa ta Ibadan. A Maris ɗin 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyar komawa gida Kano.

Mun yi kuka, kuma kukanmu a kan gaskiya yake.

To amma ga tambayar da ba ma son ji. Mu fa? Inda mu ne masu rinjaye, inda mu ne ke riƙe da alƙalami da hatimi, yaya muke yi da wanda ba namu ba?

Yaya ake karɓar Bafillatanar ruga a wurin awon ciki? Sau nawa ake daka mata tsawa don ba ta gane abin da aka ce ba, ana yi mata dariyar Hausarta, ana toshe hanci? Yaya ake yi da Bamaguje ko Bahaushe Kirista idan ya je neman takardar ƙaramar hukumar da kakanninsa suka noma ƙasarta tun kafin a san boko? Kokensu ya daɗe, mun yi kamar ba mu ji ba. Yaya ake yi da yaron da aka haifa a Sabon Gari, ya tashi da Hausa a bakinsa, amma sunansa na Ibo ne ko na Yarabawa? Yaya ake yi da Buzu mai gadi, da ɗan gudun hijira daga Gwoza, da Bagwari, da Badakkare, da Basaye? A Yunin 2017 wasu matasa sun tsaya a Kaduna sun ba Ibo wa'adi su bar Arewa kafin 1 ga Oktoba. An janye daga baya, amma an riga an faɗa, kuma da yawanmu mun yi shiru.

Ba za mu la'anci Uromi da baki ɗaya, mu kori 'yar ruga daga layin asibiti da ɗaya bakin ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ku dubi ɓarnar da ta riga ta auku. Matar da aka wulaƙanta sau ɗaya a asibiti ba ta komawa. A gida za ta haihu. Idan jini ya ɓalle, shi ke nan. Ba za a rubuta cewa ƙabilanci ne ya kashe ta ba, za a ce kwana ne ya ƙare. Ɗanta ba zai sami rigakafi ba. Ƙyanda da mashaƙo kuwa ba sa tambayar takardar indijin. Daga rugar da aka tsallake za su taso su shigo birni, su kama ɗan wanda ya tsallake ta.

Yaron da aka hana makaranta ba ɓacewa yake yi ba. Girma yake yi, da ƙullaci a ransa. A Zamfara da Katsina da Sakkwato mun ga yadda aka wayi gari Bafillatanin da bai taɓa ɗaukar bindiga ba yana tsoron shiga kasuwa ko kai matarsa asibiti, don kada 'yan sa-kai su far masa. Mun kuma ga yadda 'yan bindiga ke kashe manoma, suna sace mata, suna ƙone rumbuna. Babu uzuri ga mai kisa, ko wane ne shi. Amma duk wanda aka rufe wa ƙofar asibiti da makaranta da kotu, an sauƙaƙe wa masu ɓarna aikin jawo shi. Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, hedikwatarta na Kaduna. A je a ga halin da makarantun ruga suke ciki yau.

Abin da ke tafe ya fi wannan muni.

Rabon tallafi yana komawa kan kwamfuta. Ana ɗaura shi a kan lambar NIN da asusun banki da rajistar marasa galihu. Wanda mai unguwa ko kansila ya ƙi rubutawa yau, gobe na'ura ce za ta ce babu shi. Ma'aikaci kana iya roƙonsa, kana iya kai ƙararsa. Na'ura ba ta jin magiya. A ƙasar Holan, hukumar haraji ta tuhumi iyalai sama da 20,000 da zamba a kuɗin tallafin renon yara, alhali ba su ci ba su sha ba. Cikin abin da aka riƙa amfani da shi wajen zargi har da kasancewar mutum yana da shaidar ƙasa biyu. Aka tilasta musu biyan kuɗin da ba su da shi, gidaje suka watse. A Janairun 2021 gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a kan wannan abin kunya. Ƙasa ce mai kotuna masu ƙarfi da 'yan jarida masu bin diddigi, amma sai da aka yi shekaru kafin gaskiya ta fito. Mu nan wa zai tono mana?

A Ingila ma, a garin Rochdale, wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a Disamban 2020 saboda ruma da funfunar da suka cika gidan hayar da suke ciki. Tun 2017 mahaifinsa ke kai kuka. Masu kula da gidajen suka ɗora laifin a kan salon rayuwar iyalin. Sun ga baƙi, sun yanke hukunci tun kafin su duba bango. Sai da yaro ya mutu sannan aka yi doka da sunansa. Zato kawai ya isa ya kashe. Ba sai ma'aikaci ya zagi kowa ba.

Saboda haka, ya ku ma'aikatan asibiti da na walwalar jama'a, ya ku masu rabon kayan agaji, ya ku malaman makaranta da masu kula da gidajen marayu, da ku muke.

Ya zama wajibi buƙata ta zama ma'auni. Mai ciwo a duba ciwonsa. Mai yunwa a duba yunwarsa. A tambayi mutum inda yake zaune, a daina tambayarsa inda kakansa ya fito. Duk fom ɗin da ke neman jihar asali a wurin da ba a buƙatarta, a soke layin.

Ya zama wajibi a samar da tafinta. Wannan ba alfarma ba ce, magani ne. Likitan da bai fahimci inda ke yi wa mara lafiya ciwo ba, lalube yake yi. Asibitin da ke kusa da rugage ya zama yana da mai jin Fillanci. Wanda ke karɓar 'yan gudun hijira ya nemi mai jin Barbarci da harsunan kudancin Borno. Kuma a daina sa yaro ƙarami ya fassara wa uwarsa ciwon da ya shafi sirrinta. Mace za ta gwammace ta yi shiru ta koma gida da cutarta.

Ya zama wajibi a daina barin jerin sunayen masu tallafi a hannun mutum ɗaya. Mai unguwa mutum ne, kansila ɗan siyasa ne. A kafa kwamitin da ke da wakilin kowane jinsi na mazauna wurin: Sarkin Fulani ko arɗo, shugaban al'ummar Ibo da na Yarabawa, liman da fasto, mata da naƙasassu. A karanta sunaye a bainar jama'a. A manna su a bango. Wanda aka tsallake ya san inda zai je ya yi magana, kuma a saurare shi ba tare da an yi masa barazana ba.

Ya zama wajibi shugabannin ma'aikatu su riƙa duba littattafansu da idon basira. Wace unguwa ce ba a ganin matanta a wurin awo? Wace ruga ce ba ta da ko yaro ɗaya a aji? Rashin zuwansu ba ya nufin suna lafiya. Yana nufin an kore su, ko sun ji tsoro. A tashi a je a same su. Mun san wannan yana yiwuwa, domin an yi shi a yaƙi da shan inna. Bayan ƙauracewar da aka yi wa rigakafin a Kano a 2003, sai da aka koma ga sarakuna da malamai, aka bi rugage da kasuwannin shanu da hanyoyin makiyaya, kafin a ci nasara. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ƙafar da ta kai ɗigon rigakafi ruga za ta iya kai ungozoma da malami.

Ya zama wajibi a ɗauki 'ya'yan ƙananan ƙabilu aiki a waɗannan wurare, a kuma bar su su kai matsayin da ake yanke shawara. Mutum na sakin jiki idan ya ga nasa a bayan tebur.

Ya zama wajibi a hukunta. Taron bita da jawabi ba sa isa. Ma'aikacin da ya kori mara lafiya ko ya goge suna saboda ƙabila, a tuhume shi a rubuce, a dakatar da shi, kowa ya ji. Abokin aikinsa da ya gani ya rufa masa asiri, shi ma ya amsa tambaya. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tun 1975. Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauya ga marasa ƙarfi. Talaka bai san da su ba. Aikin ma'aikacin jin daɗin jama'a ne ya nuna masa hanya, ya taya shi rubuta koke, ya raka shi in ta kama.

Ya zama wajibi gwamnoni da 'yan majalisa su taɓa tushen matsalar. Muddin takardar asali ce mabuɗin makaranta da aiki da tallafi, za a ci gaba da faɗa a kan wanda zai riƙe hatimi. Wanda ya zauna a wuri shekara da shekaru, yana biyan haraji, yana binne mamatansa a wurin, a ba shi haƙƙin mazauni cikakke. A kuma kwantar wa ƙananan ƙabilun da ke tsoron a shafe su da hankali, a kare musu gonakinsu da sarautunsu da harsunansu ta hanyar doka, domin tsoronsu ba na banza ba ne.

Malamanmu kuma, shirunku ya yi yawa. Aya ta 13 a Suratul Hujurati ta bayyana dalilin da ya sa aka yi mu dangi-dangi da ƙabila-ƙabila, ta kuma bayyana abin da ke ɗaukaka mutum a wurin Allah. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas na mutanen da ake ba zakka. Babu ƙabila a cikin lissafin, amma akwai matafiyin da guzurinsa ya yanke, wato baƙo tsantsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa Abu Zarri lokacin da ya goranta wa wani mutum uwarsa. Ya zama wajibi a ji wannan a kan mumbari ranar Juma'a. Ya zama wajibi a ji makamancinsa a coci ranar Lahadi. Ya zama wajibi hukumomin zakka da ƙungiyoyin agaji na masallatai da majami'u su fara gyarawa daga nasu littattafan rabo.

Mu kuma da muke tsaye a layi, ba mu kuɓuta ba. Sau nawa aka ture baƙuwa gefe a gabanmu, muka matsa gaba muka cike gurbinta? Sau nawa aka yi wa wani ba'ar harshensa muka yi dariya? Ma'aikacin da ke wannan ɗanyen aiki ƙarfinsa daga shirunmu yake samu. Mutum ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ita ce a gabana, a fara duba ta," ya isa ya canza abin da zai faru a ɗakin nan ranar.

Ya kai mai riƙe da alƙalami, ya ke mai riƙe da allura, gobe da safe wani zai tsaya a gabanku. Ba ya jin yarenku. Sunansa bai yi kama da naku ba. Ba shi da kowa a garin. Ku ji tsoron Allah, ku rubuta sunansa, ku duba shi a kan layinsa, ku ba shi haƙƙinsa cikakke.